Ƙwallon da Kaduna Ba Ta Ji Shigarta Ba

Duk shekara gidan rediyo kan turo mini samari su koyi sharhin ƙwallon ƙafa, kuma kusan dukkansu da magana ɗaya suke zuwa. Wai aikin ba wuya: mutum ya zauna a inuwa, ya kalli wasa kyauta, ya yi ta surutu. Wasu ma sun riga sun shirya irin ihun da za su yi in an zura ƙwallo a raga. Ba na musu da su. Nakan ce su ja kujera in ba su labarin wata ƙwallo guda ɗaya da aka ci kulob ɗinmu a zamanin mulkin soja, wadda babu wanda ya ji shigarta a Kaduna. Amma kafin nan sai sun san da me muke aiki a lokacin.

Wasan farko da aka bar ni na taɓa kayan aiki, ɗaukarsu kawai na yi. Akwai akwatin haɗa sauti, na ƙarfe, wanda sai mutum biyu ke sauke shi daga mota. Akwai batirin mota, domin ba a dogara da wutar filin wasa. Akwai makirufo mai nauyi da muke naɗe wa kai da soso saboda iska, da abin sawa a kunne wanda gumi ya cinye fatarsa, da agogo, da tabaran hangen nesa mai ido ɗaya, don ɗayan ya fashe tun kafin in zo. Ruwan sha kuma ba mai sanyi ba. Goro haramun ne ranar wasa, yana busar da maƙogwaro.

Amma ran aikin shi ne layi. Tun kafin ranar wasa ake zuwa ofishin tarho a nemi su haɗa filin da ɗakin watsa shirye-shirye a Kaduna. Su za su jawo waya daga turken da ke bayan katanga har gindin teburinmu, su bar mana bakinta biyu tsirara, injiniyanmu ya ɗaure su a jikin akwati. Duk muryar da gari ke saurare a kan wannan siririyar waya take tafiya. Mai sayar da rake ya yi tuntuɓe da ita, shi ke nan. In ta yanke, gyaranta aikin mutum biyu ne: injiniya ya murza ƙaramin tarho yana neman Kaduna, mai sharhi ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya riƙe bakin wayoyin a inda suke har a ji amsa. A can Kaduna kuwa, mai gabatarwa zai nemi afuwa, ya saki duk faifan da ya tarar a kan na'ura. Haka kowa ke yi, haka aka koya mini.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Garba, Allah ya jiƙansa. Bai ba ni makirufo ba sai da na yi kusan kakar wasa guda ina magana cikin gwangwanin madara. Yakan kai ni filin makarantar firamare a Badarawa, inda samarin unguwa ke buga wasa da yamma, ya zaunar da ni a kan dutse ya ce in fara. Babu lamba a rigunansu, wasu ma ba riga. Ya ce da gangan ne, domin in ruwa ya sauka a babban fili laka na shafe lamba, kuma wanda bai san ɗan wasa da tafiyarsa ba bai san shi ba. Sai na koyi gane mutum da yadda yake jefa ƙafa, da yadda yake riƙe ƙugu in ya gaji.

Da na fara jin kaina, sai ya ce in juya wa filin baya. In ci gaba da sharhi da kunne kawai. Ranar farko samarin suka daina wasa suka tsaya suna yi mini dariya. A hankali na gane ƙarar ƙwallon da aka buga da cikin ƙafa daban take da wadda aka ɗauka da kan yatsu, kuma 'yan kallo na jan numfashi kafin su yi ihu.

"Isa," in ji shi, "aljihu uku gare ka. Abin da ka gani, ka ce na gani. Abin da ka ji, ka ce na ji. Abin da aka gaya maka, ka ce an ce. Ranar da ka zuba na wannan aljihu cikin wancan, ka ajiye makirufo ka koma sayar da katin shiga."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Masu sauraronmu su ne abokan cinikinmu, ko da yake ba su biyanmu kai tsaye. Akwai ma'aikatan gwamnati na Malali da ke zama a baranda da ƙaramin rediyo a cinya. Akwai wani alaramma a Badarawa da ya sha gaya mini shi ba ruwansa da ƙwallo, rediyon maƙwabcinsa ne ke shigo masa ta taga, amma ya san sunan duk wanda ke benci. Sai kuma majalisar magoya baya, wadda ita ce kotun ƙoli. Tana zama ne a Unguwar Shanu, gaban shagon taya na Alhaji Tanimu, shugaban magoya bayan kulob ɗin. Benci biyu ne kawai, na manya. Sauran jama'a kan zauna a kan tsofaffin tayoyi. A wasan gida suna da idonsu, har su gyara mini kuskure washegari. A wasan waje kuwa babu talabijin, jarida sai bayan kwana biyu. Ni ne idon gari gaba ɗaya. Abin da na faɗa shi ya faru.

Shekarar da nake ba ku labari, kulob ɗin ya ɗauko sabon koci, matashi, wanda ya yi kwas a ƙasar waje. Ya zo da tsarin da ake kira tarkon satar fage. 'Yan baya huɗu su jeru kamar sahu, in abokan hamayya za su jefo ƙwallo gaba sai su fito gaba ɗaya lokaci guda, su bar ɗan gaban can a bayansu, mai tuta ya ɗaga. Tsari ne mai kyau in kowa ya fito tare. In mutum ɗaya ya makara da taku ɗaya, ya halatta wa maharin hanya, ba kowa tsakaninsa da raga sai gola.

Don wannan tsari koci ya yi abu biyu da suka tayar da gari. Ya kawo sabon gola, wani dogon yaro daga kudu mai suna Godwin, ya ba shi aikin yi wa 'yan baya tsawa su fito, tun da shi ke ganin sahun duka. Godwin ya kama ɗaki a Badarawa, Hausarsa ba ta wuce ta sayen abinci ba, amma muryarsa kamar ta ɗan kamasho. Na biyu kuma, ya zaunar da kyaftin a benci. Sani Bango ke nan, ɗan Unguwar Shanu, wanda ya shekara da shekaru yana tsaron bayan kulob ɗin, har yara ke rubuta sunansa a jikin kekunansu. Gwiwarsa ta dama ta fara gajiya. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Aka fara kaka da canjaras a gida. Aka je waje aka sha kashi, aka dawo gida aka sake sha. Na je majalisa wata yamma na tarar ana ta yi.

"Wannan wane irin wasa ne," in ji Alhaji Tanimu, "a ce 'yan baya su gudu su bar gida, su tsaya suna ɗaga hannu kamar 'yan aji ɗaya masu neman izinin fitsari?"

Malam Bala, wani akawu a ma'aikatar ayyuka da ke karanta mujallun ƙwallo, ya ce, "Alhaji, haka ake yi a Turai yanzu."

"A Turai mai tuta hukuma yake tsoro. Namu 'yan gari yake tsoro. Ka je garin mutane ka ce mai tuta ya ɗaga maka? Da wane hannun, wanda yake so ya koma gida da shi?"

Aka yi dariya. Maganarsa kuwa akwai gaskiya a ciki.

"A dawo mana da Bango kawai," in ji wani daga kan taya. "Shi ba ya ɗaga hannu, ƙafa yake sawa."

"To shi wannan golan fa, wa ya san ubansa a garin nan? Ƙwallo na zuwa ya tsaya yana wa mutane ihu."

"Ai ihun ne aikinsa," in ji Malam Bala.

"To a kai shi tasha."

A makon magoya baya suka je filin atisaye suka zauna a tsakiyar fili, suka ce ba mai buga ƙwallo sai an yi musu alkawarin dawo da Bango. Hukumar kulob ta kira koci. Wasa na gaba, wanda za a yi a wani gari mai nisa a kudu, sunan Bango ya fito a sahun farko. Koci bai canja tsarinsa ba. Ya dai sa Bango a ciki.

Wasan nan ranar Asabar aka yi shi, bayan an kwana ana ruwa. An ajiye mana tebur a bakin fili, ba rumfa, 'yan kallo na bayanmu har numfashinsu na taɓa wuyana. Ni da injiniya Yohanna ne. Kafin hutun rabin lokaci tarkon ya kama sau da dama, amma sau biyu na ga sahun ya fito Bango ya biyo baya, kuma na faɗa a rediyo kamar yadda na gani, ba tare da na tsaya a kai ba. Duka biyun Godwin ya fito ya kama. Aka tafi hutu ba ci.

An dawo ba da jimawa ba na ji kunnena ya mutu. Wannan ƙaramin shuu da ke gaya maka Kaduna na tare da kai ya ɗauke. Yohanna ya cafki tarho ya fara murzawa, ni kuma na sunkuya ƙarƙashin tebur na kama wayoyin, gwiwata cikin laka. Ina nan a ƙasa na ji ƙarar doguwar ƙwallo da aka ɗauko daga tsakiya. Na ji muryar Godwin yana tsawar a fito. Na ji filin ya ja numfashi. Ban ji usur ba. Sai ihu, har teburin na rawa a kaina.

Da layi ya dawo na miƙe na ce wa Kaduna an ci mu ɗaya, muna cikin gyaran waya. Haka aka tashi.

A lokacin mai sharhi a motar 'yan wasa yake tafiya. Muka kamo hanya da sassafe ranar Lahadi. Na tambayi wasu yadda ƙwallon ta shiga, kowa ya kalli taga. Koci ya ce mini, "Malam Isa, ni ba zan ambaci sunan kowa ba." Sai da muka tsaya shan mai a wani gari kusa da gida direban wata motar haya da ta fito daga Kaduna ya gane mu, ya ja direbanmu gefe. Daga nan labari ya shigo mota.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane wannan ba sai an yi muku bayani. Mutanen wancan lokaci sun saba da abu ɗaya: in rediyo na magana ya yanke ba zato ya koma kiɗa, to wani abu ya faru da ba a son a faɗa tukuna. Haka suka sha jin canjin gwamnati. Ba wanda ya yarda waya ce ta kwance. Abin da ya ƙarasa lalata al'amarin shi ne faifan da mai gabatarwa ya tarar a kan na'ura, ragowar shirin gaishe-gaishe na safe. Wata tsohuwar waƙar kukuma ce da ke zagin wanda aka ba amana ya ci. Ita ta yi ta juyawa a kunnen Kaduna har na dawo na ce an ci mu. Kafin magariba an gama haɗa lissafi a Unguwar Shanu: gola ya sayar da wasa, gidan rediyo ya sani, an hana su faɗa, shi ne suka faɗa da waƙa. Wani ya tuna ya ga Godwin a kan sabon babur. Na ɗan'uwansa ne da ke aiki a masaƙa, amma ba wanda ya tambaya. An riga an ɓalle ƙofar ɗakinsa a Badarawa, an fito da katifarsa titi an cinna mata wuta. Ana jiran motar kulob.

Godwin na kujerar baya, safar hannunsa a cinya. Wani ya fassara masa. Ya taso ya zo inda nake ya durƙusa a tsakanin kujeru.

"Oga," ya ce, "kai ka gani. Ka faɗa musu."

Na ce masa ban gani ba. Ya daɗe yana kallona, ina jin ya ɗauka bai fahimci Hausar ba ne.

Muka shawarta da koci. Maimakon motar ta wuce ofishin kulob kai tsaye, ta ratsa ta Malali, ta tsaya bakin layinmu kamar ni kaɗai za ta sauke. Godwin ya sauka a bayana ɗauke da jakar kayana a ka, fuskarsa a rufe. Na sa shi a ɗakin yara, na ce wa maiɗakina ta kulle ƙofar gida, ko wa ya buga kada ta buɗe. Ban gama wanke ƙafa ba saƙon Alhaji Tanimu ya iso: ana nemana a majalisa bayan la'asar.

Da ƙafa na ƙarasa, don mai tasi ya ƙi shiga layin. Ban taɓa ganin taro haka a gaban shagon ba. Manya na kan benci, samari sun cika titi, wasu da sanduna. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne tayoyin. Kullum a baje suke ana zaune a kansu. Ranar nan an ware guda ɗaya an jingine ta da turken lantarki, da galan ɗin fetur a gefenta, ba kowa a kusa. Bango na zaune a bakin ƙofar shagon, gwiwarsa ɗaure da bandeji, kansa a ƙasa. Duk wanda ya wuce sai ya dafa kafaɗarsa ya ce sannu da ƙoƙari.

Alhaji Tanimu ya matsa mini wuri a benci. Muka gaisa kamar kullum, har ya tambayi iyali.

"Malam Isa, kai namu ne. Ba mu taɓa kama ka da ƙarya ba. Tsakaninka da Allah, yaron nan ya sayar ko bai sayar ba?"

Samarin da nake koyarwa kan ce a nan, ai da sai ka ce bai sayar ba, ka gani da idonka. Na yi wannan tunanin a hanya. Amma 'yan wasa na bakin fili sun ga ƙafafuna a ƙarƙashin tebur, direbanmu ma ya sani, kuma direba ba ya riƙe magana. In na ce na gani, kafin isha wani ya ƙaryata ni, to an tabbatar da cewa rediyo na cikin cinikin. Daga nan ba abin da zan sake faɗa a saurara, kuma kowa ya san gidana.

Na ce, "Alhaji, ban ga shigar ƙwallon ba. Ina ƙasa ina riƙe da waya."

Titin ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ni ma an saye ni. Wani saurayi mai jan hula ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa.

"To waƙar fa? Mu yara ne?"

"Faifan da ke kan na'ura ne. Wanda ya sa shi bai san ma ana cin mu ba."

"An ce motar kulob ta tsaya a Malali," in ji shi. Ba da ƙarfi ya faɗa ba. "Kaya nawa aka sauke?"

Na juya wajen Alhaji Tanimu na ce, tun da ni aka aika in gano wa gari, a bar ni in ba da abin da na gano, daga farko, yadda na saba bayarwa. In na gama su yi hukuncinsu.

"Ku bar shi," in ji Alhaji. "Kai mai jan hula, koma baya, ba ubanka ne shugaba a nan ba."

Sai na yi abin da na iya. Na miƙe tsaye, ba makirufo, na ɗauko wasan daga usur na farko da muryar aiki. Abin mamaki, mutane suka yi tsit, don kunnensu ya saba da muryar. Na bi da su hari bayan hari. Na kawo inda tarkon ya kama, mai tuta ya ɗaga. Na kawo inda aka jefo ƙwallo, Godwin ya yi tsawa, uku suka fito, Bango ya biyo baya, Godwin ya fito ya faɗa kan ƙafar maharin ya kama. Ban rage murya ba, ban ƙara ba. Na wuce. Da na zo na biyun na faɗe shi daidai yadda na faɗa jiya.

"Haka ya ce a rediyo," in ji Malam Bala a hankali. "Na ji. Sau biyu."

Duk sun ji jiya, sun dai bar shi ya wuce ta gefen kunnensu.

Na kai su hutun rabin lokaci, na dawo da su, har inda layi ya mutu. Na ce, "A nan idona ya ƙare. Daga nan kunne ne. Na ji an ɗauko doguwar ƙwallo daga tsakiya. Na ji Godwin ya yi tsawar a fito, a kan lokaci, kamar sauran. Ban ji usur ba. Na ji ihu. Ko mai tuta ne ya ƙi ɗagawa, ko wani ne bai fito ba, ban gani ba, kuma ba wanda ya gaya mini. Iyakar abin da ke gare ni ke nan."

Na zauna.

Na ga mai jan hula ya waiwaya wajen turken lantarki. Na fara auna tazarar da ke tsakanina da bakin layi, na ga ba ta fita.

"Mai tuta ya yi daidai."

Bango ne. Bai ɗaga kai ba.

"Na ji kiran yaron. Ƙafar ce ba ta tashi ba. Ni na halatta wa maharin hanya. Daga shi sai gola, ko wa ke raga sai ta shiga." Ya shafa bandejin. "Na gaya wa koci tun a gida ba zan iya wannan gudun ba. Ya ce in bai sa ni ba ku ba za ku bar shi ya kwana a garin nan ba."

"Sani," in ji Alhaji Tanimu, "kada ka ɗauki laifin wani don kunya."

"Baba, a gabanka na girma. Yaushe na taɓa cewa ni ne in ba ni ba ne?"

Ba wanda zai taɓa Bango a Unguwar Shanu. Uwarsa na bayan shagon nan, rabin samarin da ke riƙe da sanduna shi ya koya musu buga ƙwallo. Fushin ya rasa inda zai sauka. Na ga sanduna na sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kamar masu su sun manta dalilin ɗaukarsu. Alhaji Tanimu ya yi gyaran murya.

"Ai dama na faɗa," in ji shi. "Tsarin ne ba shi da kyau. Mutum kamar Bango a ce ya riƙa tsere da yara? Kocin nan ne matsalarmu."

Nan take majalisa ta koma kan koci, da murya irin ta kullum, har Malam Bala ya sami bakin kare Turai. Ana cikin haka yaron shago ya mirgino tayar nan daga jikin turke, wani ya zauna a kanta. Galan ɗin ban ga wanda ya ɗauke shi ba. Da aka kira magariba na bi sahu na yi salla tare da su, domin fita da wuri ma magana ce.

Godwin ya kwana biyu a gidana kafin kulob ya sama masa ɗaki a wata unguwa. Magoya baya suka yi karo-karo suka saya masa katifa, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Ya tsare raga har ƙarshen kaka, muka tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni da ƙyar, ya tattara ya koma kudu. Kocin bai kai tsakiyar kaka ba. Bango bai sake sa rigar kulob ba. Mun ci gaba da haɗuwa a wajen jana'iza da ɗaurin aure shekaru da yawa, yana gaishe ni da ladabi, amma bai taɓa tsayawa mun yi hira ba. Faifan kukumar nan kuwa shugaban sashe ya sa aka fitar da shi daga ɗakin watsa shirye-shirye, aka ajiye na kiɗa zalla, marar waƙa, don ranar da layi ya yanke.

Na je na ba Malam Garba labari, lokacin ya yi ritaya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a nemi mutum na uku ya riƙa riƙe waya. Aka ce babu kuɗin mutum na uku. Sai Yohanna ya koyi riƙe wayoyin da hannu ɗaya yana murza tarho da ɗayan, kan tarhon maƙale a kafaɗarsa. Ni kuma daga ranar ban sake sunkuyawa ba. Layi ya yanke mini sau da yawa bayan haka, a garuruwa daban-daban. Nakan ci gaba da sharhi cikin mataccen makirufo, ido a fili, 'yan kallo na bayana suna nuna ni suna dariya.

Yanzu kayan aiki sun canja, komai ya shiga aljihu, kuma kowa na ganin wasa a wayarsa. Amma har gobe in an turo mini saurayi, nakan kai shi filin nan na Badarawa, in haɗa masa makirufo da abin kunne, in bar shi ya yi zafi. In na ga ana shirin jefo doguwar ƙwallo sai in sa ƙafa in fizge wayar makirufon. Ba muryarsa nake saurare ba a lokacin. Idonsa nake kallo, in ga ko zai duba ƙasa.